Wa Zai Tarbe Ta a Bakin Ƙofa?

A goman ƙarshe na wani azumi da ya wuce, na bi matan ƙungiyar unguwarmu zuwa gidan gyaran hali. Tun watan Sha'aban muke tara kuɗi, wannan ta kawo dubu biyu, waccan dubu biyar, wani bawan Allah mai shago a kasuwa ya cikasa mana. Da kuɗin muka biya tarar mutum goma sha ɗaya, maza takwas, mata uku.

Mazan ne suka fara fitowa. Wani ƙannensa biyu suka zo da babur, aka yi ta rungumar juna. Wani matarsa ta yi shatar adaidaita sahu, ta kwaso yara cikin kayan da aka ɗinka musu na Sallah. Har wanda ba a zo wa ba ya ari waya ya kira, ba a jima ba sai ga abokinsa. Sannan matan suka fito. Ɗaya tsohuwarta na raɓe can jikin katanga, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta kama hannun 'yarta suka wuce, ko sallama ba su yi mana ba. Ta biyu muka sa ta a motar garinsu. Ta ukun yarinya ce da ba za ta haura ashirin da uku ba. Ta tsaya riƙe da baƙar leda, tana kallon titi kamar wadda aka sauke a baƙon gari.

Na ce, "'Yata, ina za mu kai ki?"

Ta ce, "Hajiya, ku dai sauke ni a tasha."

"Tashar ina?"

Ta yi shiru tana murza bakin ledar.

Muka danƙa mata kuɗin mota da turmin atamfa da ɗan dabino, aka yi addu'a, aka yi hoto, muka watse, kowa na saurin zuwa ta ɗora abin buɗe-baki. Ranar na kwana zuciyata wasai, ina ganin mun yi abin lada. Kafin Babbar Sallah wata gandiroba da muka saba da ita ta ce mana, "Ai 'yarku ta dawo." Waya ta ɗauke a gidan biki, irin laifin da ya kai ta da fari. Wata a cikinmu ta taɓe baki ta ce mai hali ba ya fasa halinsa, an dai yi asarar kuɗi. Ba zan ɓoye ba, ni ma haka na ce. Sai daga baya tambayar nan da ba ta amsa ba ta hana ni sakat. Ba taurin kai ya sa ta yi shiru ba, babu garin da za ta ambata ne.

Tun daga nan na kafe a kan ra'ayi guda. Mai son ya san ko mace za ta koma kurkuku, ya je ya tsaya a bakin ƙofa ranar da za a sake ta, ya ga wanda ya zo tarbarta. Wannan ya fi fayil ɗin laifinta faɗin gaskiya. Sauran abubuwan da ake lissafawa, talauci ne, ƙwaya ce, mugun abokin zama ne, duk suna nan, amma ta wannan tsagar suke shiga.

A Najeriya mutanen da ke tsare a gidajen yari sun kai kimanin dubu 80, kuma mata kusan kashi 2 ne kacal cikin 100. Mai jin wannan zai ce to ai da sauƙi. Ƙarancin nasu shi ne ya cuce su. Gidajen don maza aka gina su, mata kuwa galibi wani sashe ake yanka musu a gefe. Shagon kafinta da na walda da filin ƙwallo duk suna ɓangaren maza. Dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta ce kowace jiha ta kasance da keɓantaccen wuri na mata, amma dokar na takarda, gini kuwa sai a hankali. Kuma kusan biyu cikin uku na duk waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Mace kan yi wata takwas a ciki a kan tuhumar da ko an same ta da laifi hukuncin ba zai kai haka ba, daga ƙarshe a kori ƙarar. A idon kotu ba ta yi komai ba. A idon unguwa ta sha ɗauri, shi ke nan.

Nan ne bambancin namiji da mace yake fitowa ƙuru-ƙuru. Namiji in ya fito, ana cewa ƙaddara ce, kowa da tasa jarrabawar. Ɗakinsa na soro yana nan. Matarsa ta jira shi, ta yi ta kai masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu duk ranar ziyara. In saurayi ne, 'yan'uwa su haɗu su ce a yi masa aure ko ya nutsu, kuma ba a rasa gidan da zai ba shi 'ya. Mace fa? Sau da yawa takardar sakinta tana riga ta isa gidan iyayenta, wani lokaci ma a ciki za a aiko mata da ita. Wadda ta shiga da aure ta fito bazawara, ta ƙare iddarta a bayan kanta. Ta nufi gidan uba, a ce mata akwai ƙannenta mata biyu da ake neman aurensu, in dangin mazan suka ji labari za a fasa. Baffa ya ce ta zubar da mutuncin gida. Yaya ya ce matarsa ba za ta yarda ba. Uwa tana so, amma gidan ba nata ba ne, sai dai ta ƙulle ɗari biyar a bakin zane ta miƙa mata ta bayan gida tana kuka. Mu ne masu cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma da alama hannun dama kawai muke nufi, na hagu kuwa in ya ruɓe wuƙa na kusa.

To wadda aka rufe wa waɗannan ƙofofin, ina za ta kwana daren farko? Namiji na iya shimfiɗa kwali a rumfar kasuwa ko barandar masallaci, gari ya waye ya yi dako. Mace ba ta da wannan. Ƙofar da ke buɗe mata da tsakar dare ba tare da tambaya ba guda biyu ce: ɗakin ƙawar da suka haɗu a ciki, ko gidan magajiya. Duka biyun ba kyauta suke ba. Wadda ta ba ki katifa yau, gobe za ta ce ki raka ta gidan biki, ke ki tsare hankalin mutane ita ta ɗaga jaka. Ko a ce ki kai wannan ƙullin wurin wane, ba a cika binciken mai hijabi ba. Yarinyarmu ta tasha, daga baya na ji, kwana huɗu ta yi tana raɓe-raɓe kafin wata tsohuwar abokiyar zamanta ta ciki ta ɗauke ta. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Sai batun 'ya'ya, wanda a ganina shi ne ke karya mace fiye da yunwa. Uwa da ke ciki tana ƙirga kwanaki ne da fuskar 'ya'yanta. Ta fito ta tarar an rarraba su, babban yana hannun kishiya, ƙaramar an kai ta ƙauye wurin gwaggo, kuma an gaya musu uwarsu ta yi tafiya, ko ma an gaya musu ɓarauniya ce. Ta je gani a tare ta a zaure. Abin haushin, fiƙihun Malikiyya da muke bi ya ba uwa fifiko a riƙon yaro, kuma ko an ga ita ba ta cancanta ba, riƙon na komawa ne wurin mahaifiyarta kafin a waiwayi dangin uba. Amma wace tsohuwar fursuna ce ke da ƙarfin halin sake taka ƙafa kotu don neman haƙƙinta? Ganin alƙali kaɗai gabanta ke faɗuwa. Matan da na sani da suka tsaya da ƙafafunsu bayan ɗauri, kusan dukkansu akwai yaro a gabansu da suke tashi da asuba saboda shi. Wadda aka ƙwace wa wannan, an ƙwace mata dalilin haƙuri.

Bashi kuma na jiran ta tun kafin ta fito. Mata da yawa ba sata ce ta kai su ba. Uwar adashi ce da zubi ya rushe a hannunta, ko dillaliya da ta karɓi leshi da atamfofi bashi masu saye suka ƙi biya. Mai kaya ya kai ƙara, a rubuta cin amana ko zamba, zancen ciniki ya rikiɗe ya zama laifi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ce mace na iya tsayawa beli kamar namiji. Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019. Amma je ki tambayi matan layinku, nawa ne suka san uwa ko inna na iya tsaya wa 'yarta? Shi ya sa mace ke daɗewa a ciki don kawai mazan gidansu sun yi fushi. Idan ta fito, bashin farko na nan, an ƙara da na lauya, an sayar da gado da katifa da 'yan kunnen gwal. Babu mai sake sa ta a adashi. Babu mai ba ta kaya ta sayar ta kawo kuɗi. Jarin mace a ƙasar Hausa rabinsa amana ce, ita kuwa tata ta ƙone.

Ana koya musu sana'a a ciki, ban musa ba: ɗinki, saƙa, sabulun ruwa, man shafawa. Wasu ƙungiyoyi har keken ɗinki suke bayarwa ranar sallama. Na taɓa ganin inda keken ya ƙare: an sayar da shi cikin mako biyu, an biya hayar ɗaki. Ban ga laifinta ba, keke ba ya aiki a kan titi. Kuma ko da ɗakin, wa zai kawo mata ɗinki? Matan unguwa da ke ja wa 'ya'yansu kunne kada su shiga gidanta? Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya gyaru, ta ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci. Niyya mai kyau ce. Sai dai matar da ke neman aikatau ko wankau ko suyar awara a ƙofar makaranta, ba takarda ake tambayarta ba. Ana tambaya ne, 'yar gidan wa ce, wa ya san ta, wa zai tsaya mata.

Maganar ƙwaya mun fi son mu yi ta a kan samari 'yan daba, alhali ta shiga ɗakunan mata tuntuni. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su a Najeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma masu sha ba su ɓace ba, wasu sun koma tiramol ne da sauran ƙwayoyi. Ɗauri ba magani ba ne. Wadda ta shiga da jarabar kwalba, an raba ta da kwalbar na wata shida, ba a taɓa abin da ya sa ta fara sha ba: auren da aka yi mata tana kuka, dukan miji, ɓarin ciki, fyaɗen da aka ce ta yi shiru don rufin asiri. Cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye kaɗan ne, gadajen mata a cikinsu sun fi kaɗan, kuma dangi sun gwammace su ce aljanu ne da a ji 'yarsu tana can. Ta fito da tsohon ciwo, an ɗora mata sabo. Mai sayarwa kuwa bai canja lungu ba.

Kusan kullum akwai namiji a gindin labarin. Saurayin da ya ba ta ajiyar kaya, mijin da ke sayar da wiwi ya gudu aka tarar da ita a gida. Sau da yawa shi kaɗai ne ke amsa wayarta in ta fito. Sai mu ce ba ta da hankali, ta koma wa wanda ya jefa ta. To wa kuma ya kira ta?

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba, kuma wasu sun riga mu auna abin da ma'auni. A Ingila, bayan mata shida sun mutu cikin kusan shekara guda a kurkukun Styal da ke kusa da Manchester, gwamnati ta sa Jean Corston ta yi bincike. Rahotonta na 2007 ya nuna yawancin matan da ke ɗaure ba haɗari ba ne ga jama'a, mata ne da duka da ƙwaya da taɓin hankali suka riga suka ragargaza, ya kuma ba da shawarar a riƙa kai su ƙananan cibiyoyi kusa da gida maimakon manyan kurkuku. Alƙaluman ma'aikatar shari'arsu da aka fitar a 2018 sun nuna kusan bakwai cikin goma na matan da aka yi wa ɗaurin ƙasa da shekara guda sun sake laifi cikin shekara da fitowarsu. Ƙasa ce mai kuɗin tallafi da gidajen gwamnati, amma gajeren ɗauri ya ishe shi ya raba mace da ɗakinta da aikinta da 'ya'yanta, bai kuma kai tsawon da za a gyara komai ba. In haka ta faru a can, ina ga nan da mace ba ta da inshora sai dangi? Wannan tunanin ne ya sa a Disamban 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Bangkok, waɗanda suka nemi alƙalai su duba ko mace na da yara a hannunta, su fifita hukuncin da ba na ɗauri ba a ƙananan laifuka. Dokarmu ta 2019 ma ta buɗe wannan hanyar, da aikin al'umma da sakin talala. Wadda ta ɗauki waya, in aka sa ta biya, ta kuma share asibitin unguwa wata uku tana kwana a ɗakinta, an hukunta ta, ba a kuma tumɓuke ta ba.

Na san abin da za a ce min, don an sha faɗa min a fuska. Wadda aka sace wa waya fa, ita ba mutum ba ce? Wadda ta watsa wa kishiya tafasasshen mai fa, ko ta sa wa miji shinkafar ɓera? Ban ce a yafe wa kowa ba. Mai babban laifi ta ɗanɗani hukuncinsa, kuma wanda aka zalunta shi ya fi cancantar tausayi. Amma masu shiga da fita kamar kasuwa, yawancinsu ba masu manyan laifukan nan ba ne. Masu ƙananan ne: waya, zane, ƙullin ƙwaya, faɗan da ya kai ga rauni. Kuma duk wadda muka bari ta koma, wata baiwar Allah ce za ta sake rasa wayarta a gidan biki. Mai tausayin wadda aka sace wa ya fi kowa bukatar ɓarauniyar ta samu wurin kwana.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne muna da misali a addini, amma rabin labarin muke karantawa. Kowane ɗan Islamiyya ya san matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata a lokacin buɗe Makka, Ƙuraishawa suka tura Usama bin Zaid ya roƙa mata, Annabi (SAW) ya yi fushi ya ce ko Fatima 'yarsa ce ta yi sata zai yanke hannunta. A nan malamai kan tsaya, a yi kabbara. Amma hadisin bai ƙare a nan ba. Nana A'isha ta ce matar ta tuba tuba mai kyau, ta yi aure, kuma takan zo wurinta ta isar mata da bukatarta ga Manzon Allah. A duba da kyau. Mace ce da hukuncinta ke bayyane a jikinta, ba ta da halin ɓoyewa, amma aka samu wanda ya aure ta, kuma gidan da ya fi kowane gida daraja yana buɗe mata. Mu kuwa da ba mu kai ƙurar takalminsu ba, mun ce ƙofar gidanmu ta fi ƙarfin 'yar da muka haifa.

Biyan tara abu ne mai kyau, kada a ce na hana. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu, kuma duk azumi gwamnoni da attajirai na yin irin haka. Sai dai sadaka ce da ke ƙarewa daidai inda wahalar mace ke farawa. Tun Maris ɗin 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, don haka uzurin cewa abin na tarayya ne ya ƙare. Jihar da ta iya aurar da mata 1,800 a rana guda, kamar yadda Kano ta yi a Oktoban 2023, da gado da katifa da sadaki, ba za ta gaza kula da 'yan matan da ke fitowa daga ɗauri a shekara ba, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Ina ɗan tsoron a gina musu gida guda a kafa allo, don cikin wata ɗaya yaran unguwa za su raɗa masa suna. Na fi son a sa ma'aikatan jin daɗin jama'a da zauren sulhu na Hisba da masu unguwanni su fara zirga-zirga zuwa gidan iyaye wata guda kafin ranar saki, a nemo wanda zai karɓe ta, ko kaka ce ko inna, a kuma taimaka wa shi mai karɓar da abinci, don sau da yawa ba ƙiyayya ce ke sa a ƙi ba, tukunyar ce ba ta isa.

Mu dai a ƙungiyarmu mun sauya. Azumin da ya biyo baya mutum biyu kawai muka biya wa tara, duka mata, sauran kuɗin muka ajiye na haya da jari. Wasu suka yi ƙorafi cewa a da goma sha ɗaya yanzu biyu, ladan ya ragu. Kafin mu biya ko sisi, ni da wata dattijuwa muka ɗauki mai unguwa muka je gidan kawun ɗaya daga cikinsu, don uban ya rantse ba za ta taka masa gida ba. Kawun ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya saurare mu har muka gama, yana jan carbi. Ya daɗe bai ce komai ba.

Can ya ce, "Hajiya, 'yar ƙanwata ce, ni na yi mata huɗuba. Amma ɗaki biyu gare ni, ga 'yan mata a gabana."

Mai unguwa ya ce, "Malam, wata uku kawai muke roƙo. Abincinta a kanmu."

Ya sake yin shiru, ya leƙa cikin gida, ya dawo da kallonsa kan tabarma.

"Ku ba ni zuwa Juma'a," in ji shi, "in yi magana da mai ɗakina."